Mota Da Mai Ita: Ina Kalangu Ya Shiga?

Duk ma'aikacin da yake kwana a Mararaba ko Nyanya ko Kubwa ko Suleja, alhali kuwa wurin aikinsa yana cikin birnin Abuja, ya san cewa wani babban kaso na safiyarsa da maraicensa a kan hanya yake ƙarewa. Tun da aka taso da hedkwatar ƙasa daga Ikko ran 12 ga Disamba 1991 birnin yake ta cika yana batsewa, tsadar haya kuwa ta tura yawancin jama'a bayan gari. Saboda haka rediyon mota ya zama abokin hira a cikin cunkoso, da shi ake jin labarai, da shi ake sauraron karatu da wa'azi, da shi kuma ake ɗebe kewa da waƙoƙin Mamman Shata ko Musa Ɗanƙwairo ko na samarin yanzu.

To, akwai wani kuka da masu motoci suke yawan yi. Sai mutum ya ce muryar mawaƙi tana fita tar, 'yan amshi ma ana jin su, amma kalangu ya rame, ba shi da nauyi, kamar ana kaɗa gwangwanin madara. Abin da yawanci ke biyo baya shi ne mai mota ya nufi kasuwar makanikai ta Apo, ko kasuwar Gudu, ko shagunan Banex da ke Wuse, ya sayi sababbin lasifikoki, a kwance masa ƙofa a ɗaura, ya biya, ya kama hanyar gida, sa'an nan ya tarar kalangun bai dawo ba. Daga nan sai a ce masa ai sai ya sa wufa a but. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kayan nan da ake shigo da su daga waje sun yi tsadar da bai kamata a saye su a kan kirdado ba. Gaskiyar magana kuwa ita ce, a mafi yawan lokuta an bar jaki ne ana dukan taiki. Laifin yana ga ƙofa, ko ga waya, ko ga saitin rediyo, lasifikar kuwa lafiyarta lau.

Abin da ake nufi da kaurin amo

Sauti dai kaɗawar iska ne. Idan iska ta kaɗa a hankali sai a ji amo mai kauri, idan ta kaɗa da sauri sai a ji siriri. Kunnen yaro mai ƙoshin lafiya yana jin daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma wannan ma'auni shi ne ake rubuta wa Hz a fuskar rediyo. Abin da ya gaza 80 shi ne rugugin nan da ke girgiza kujera, aikin wufa ke nan. Daga 80 zuwa wajen 250 kuwa nan ne kaurin amo na tsakiya yake, watau inda nauyin muryar namiji yake zaune, inda kuma kalangu da kotso suke yin yawancin maganarsu. Wannan yanki lasifikokin ƙofa ne aka ɗora wa shi. Shi ya sa wanda ya sa wufa don neman kalangu yakan ƙare da rugugi a baya da siririyar murya a gaba, tsakiya kuwa wayam.

Ita lasifika tsohuwar dabara ce. Tun 1925 waɗansu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka bayyana fasalin da har yau ake bi: maganaɗisu, da naɗin waya, da faifai mai tafiya gaba da baya yana tura iska. Sai dai a lura da abu ɗaya. Sa'ad da faifan ya tura iska ta gaba, a daidai wannan lokaci yana jan iska ta baya. Idan na gaba da na baya suka haɗu sai su kashe juna. Sauti yana tafiyar mita 340 ko sama kaɗan a daƙiƙa, don haka zangon amo mai kaɗawa 100 ya kai mita 3.4, ya fi ƙofar mota tsawo nesa ba kusa ba, ba shi kuwa da wuyar zagayowa ta kowace kafa. Zangon siririn amo mai kaɗawa 5,000 bai cika santimita 7 ba, shi ba ya zagayowa haka. Wannan ne dalilin da ya sa idan ƙofa tana yoyon iska, kaurin amo ne yake fara ɓacewa, murya ta saura.

Makaɗa sun daɗe da sanin wannan. Fatar ganga ita kaɗai, in aka miƙe ta a sarari aka buga, ba ta ba da komai sai ƙaramar ƙara. Icen da aka sassaƙa aka ɗaura ta a kai shi ne yake ba ta murya. A mota, lasifika ita ce fata, ƙofa ita ce icen.

A fara da abin da ba ya cin kuɗi

Abu na farko da ya kamata a tuhuma shi ne waƙar kanta. Shata ya rasu a 1999, Ɗanƙwairo a 1991, kuma da yawa daga cikin waƙoƙinsu da ke yawo a wayoyi yau an kwafo su ne daga kaset, wanda shi ma daga wani kaset aka kwafo shi, sa'an nan aka matse su aka tura ta WhatsApp hannu bayan hannu. Abin da ba ya cikin ɗauka, babu lasifikar da za ta fitar da shi. Haka kuma 'yar na'urar nan da ake sokawa a ramin kunna sigari tana aika waƙa ta tashar FM, ita ma tana rage ingancin sauti. Sai a nemi waƙa ɗaya mai kyakkyawar ɗauka, wadda aka riga aka ji nauyinta a wata mota ko a na'urar gida, a riƙa gwaji da ita daga farko har ƙarshe. A kuma yi gwajin mota tana tsaye, gilasai a rufe, domin ƙugin taya da na inji a kan titin filin jirgin sama ko hanyar Kaduna shi ma amo ne mai kauri, yana danne na waƙa.

Na biyu shi ne saitin rediyo. A yawancin rediyoyin zamani, har da masu allo irin na Android da suka cika kasuwa, akwai wani saiti mai suna HPF, wanda aikinsa shi ne tare amo mai kauri kada ya isa lasifikokin ƙofa. Idan aka ajiye shi a 80 ya yi daidai, yana ma kare lasifika daga wahala. Amma idan wani ya kai shi 150 ko 200, to, an yanka kalangu tun daga tushe. A duba shi, a mayar da sauran saitin sauti zuwa sifiri, a kashe duk wata ƙawa da aka kunna, sa'an nan a sake saurare. Ba a rasa motocin da matsalarsu take ƙarewa a nan.

Na uku, wanda ya fi kowanne yawa a motocin da aka taɓa canza wa rediyo, shi ne juyewar waya. Kowace lasifika tana da wayoyi biyu, mai alamar + da mai alamar -. Idan riwaya ya juya na ƙofa ɗaya, sauti zai fita, ba wanda zai ce an yi kuskure, amma sa'ad da faifan dama yake turawa na hagu yana ja, sai kaurin amonsu ya kashe juna a tsakiyar mota. Gane wannan ba ya bukatar sukuddireba. A kunna waƙar gwaji, a karkatar da saitin BAL gaba ɗaya zuwa hagu, a saurara. A mayar da shi dama, a saurara. Sa'an nan a dawo da shi tsakiya. Bisa ƙa'ida lasifika biyu sun fi ɗaya nauyi. Idan kuwa kalangu ya fi kauri a gefe ɗaya, ya rame da aka dawo tsakiya, to, lalle an juya waya. Haka za a yi da saitin FAD tsakanin gaba da baya. Wannan gwaji har wa yau yana tona asirin lasifikar da ta mutu, domin ƙofar da ta yi shiru ko take karkarwa za ta bayyana kanta.

Idan ana son tabbatarwa, sai a zare wayoyin lasifikar daga rediyo, a taɓa su da batirin tocila mai bolt 1.5 na ɗan ƙiftawar ido. In aka haɗa + da +, faifai zai zabura waje. Duk ƙofofin ya kamata su zabura waje ɗaya. Kada dai a yi wannan da ƙananan lasifikokin nan na siririn amo da ke kan dashbod ko kusa da madubi, ba su jure shi. A kuma leƙa robar da wayoyi suke bi daga jikin mota zuwa ƙofa. Buɗewa da rufewa na shekaru yakan karya waya a nan, ta saura da 'yan zaruruwa, sauti ya riƙa zuwa yana ɗaukewa.

Sa'an nan a buɗe ƙofa

In duk waɗannan sun fita lafiya, sai a cire murfin ƙofa na ciki. Abin da za a fara gani a motar da ba a taɓa ba shi ne wata leda ko soso da kamfani ya manna ya rufe manyan ramukan ƙarfen ƙofa. Asalin aikinta tare ruwa ne, amma tana taimakawa wajen raba iskar gaban lasifika da ta bayanta. To, a ƙasar nan da wuya a sami motar da ta shekara goma ba a gyara mata injin gilas ko makullin ƙofa ba, kuma sau da yawa mai gyara yakan yage ledar ya yar, don a ganinsa ba ta da wani amfani. Fanal bita ma yakan yi haka. Mai mota ba zai lura ba sai bayan kwanaki, ya ce lasifika ta tsufa.

Maganin wannan shi ne a sake rufe ramukan. Akwai wani shimfiɗi mai danƙo da fuskar alminiyam da ake sayarwa don wannan aiki, wanda yake rufe rami yake kuma hana ƙarfe karkarwa. A tabbata na roba ne irin wanda ake kira butil, domin mai kwalta yakan narke ya yi wari, musamman a watan Maris, lokacin da zafin Abuja yake haura digiri 35, cikin motar da aka bari a rana kuwa ya iya kai 60. Wanda ba shi da halin sayen wannan, leda mai kauri da danƙo mai kyau sun fi a bar ramin a buɗe.

Daga nan sai a duba zaman lasifikar. Kamfanoni irin su Toyota sukan ɗaure tasu da ribiti a kan wani zobe na roba da aka yi daidai da ƙofar. Idan aka fasa wannan aka sa wata, sau da yawa ramin da lasifikar ba su dace ba, sai a ɗaure ta da sukuru biyu ko uku, a bar kafa a gefe. Ta wannan kafa iskar baya take zagayowa. Dole a sa zobe na katako ko na roba mai ƙarfi wanda ya zauna daram, a shafe katakon da fenti saboda ruwa, a toshe duk wata kafa, a kuma sa zoben soso tsakanin fuskar lasifika da ragar murfin ƙofa, don sauti ya fito cikin mota maimakon ya watse a bayan murfi. A tabbata kuma gilas ba ya taɓa maganaɗisu idan an sauke shi ƙasa.

Ita kanta lasifikar a duba ta da kyau. A kewayen faifai akwai wani zobe mai laushi na soso ko roba. Zafin rana yakan busar da shi ya farfashe, ƙurar hunturu takan shige cikin naɗin waya, ruwan damina kuwa, wanda a Abuja yake kamawa daga Afrilu har Oktoba, yakan jiƙa faifan takarda ya lanƙwashe. A danna faifan a hankali da yatsu. In ya tafi ya dawo sumul, yana da rai. In aka ji yana gurza, ko aka ga zoben ya yage, to, wannan kam ta gama aiki. Masu sayen motocin Beljiyam su ƙara lura. Bayan guguwar Katrina ta 2005 da ta Harvey ta 2017, an yi gwanjon ɗimbin motocin da ambaliya ta shanye a Amurka, waɗansunsu kuwa sun ƙetaro teku. Lasifika tana can ƙasan ƙofa, ita ruwa yake fara isa. Tsatsa ko busasshen taɓo a wurin alama ce da ta wuce batun waƙa, tana nuna a sa ido a kan wayoyin motar baki ɗaya.

Batun ƙarfin wuta

Kwalin rediyo yakan zo da rubutu baro-baro cewa yana ba da wat 50 sau huɗu. Wannan ƙololuwar da yake taɓawa ce na ɗan lokaci. Ƙarfin da yake iya riƙewa a kai a kai bai cika wuce wat 15 zuwa 20 ga kowace ƙofa ba. Lasifikar kamfani an yi ta da faifai marar nauyi don ta wadatu da wannan ɗan ƙarfi. Babbar lasifika mai tsada, mai nauyin faifai, tana son abin da ya fi haka, in ba ta samu ba sai ta yi ƙasa da wadda aka cire. Ga yadda mutum yake kashe kuɗinsa ya sayi koma baya.

Har wa yau, motocin da suka zo da amfilifaya tun daga kamfani, irin masu tambarin JBL ko Bose a ragar ƙofa, sau da yawa lasifikokinsu masu om 2 ne ko kusa da haka, na kasuwa kuwa yawancinsu om 4 ne. In aka musanya, wutar da ke isa lasifika takan ragu da kusan rabi. Saboda haka a karanta abin da aka rubuta a bayan tsohuwar kafin a sayi sabuwa. Inda aka sa amfilifaya ta daban, a duba wayar da aka ɗaure a jikin mota, a tabbata an kankare fenti ta kama ƙarfe sosai, a kuma auna batir: kimanin bolt 12.6 idan inji yana kashe, 13.5 zuwa 14.5 idan yana aiki. In fitilu suna dusashewa duk sa'ad da ganga ta buga, matsalar ta wuta ce.

Wanda ya riga ya sa wufa kuwa, ya sani ita da lasifikokin ƙofa suna haɗuwa a wajen kaɗawa 80, kuma a nan ma suna iya kashe juna. A jikin yawancin amfilifayoyin wufa akwai maɓalli mai lamba 0 da 180. Mutum ɗaya ya zauna a kujerar direba, wani ya riƙa juyawa, a bar shi inda amo ya fi cika.

Kada a yi gyaran gangar Auzinawa

Akwai abubuwa uku da bai kamata neman daɗin sauti ya taɓa ba. Na ɗaya, ƙananan ramukan da ke ƙarƙashin ƙofa, ta nan ruwan sama yake fita. Wanda ya toshe su ya tara wa kansa kududdufi, tsatsa ta ci ƙofar daga ciki. Na biyu, waɗansu motocin zamani suna da na'ura a cikin ƙofa wadda take jin matsin iska idan an yi karo, ita ce take ba balan-balan ɗin kariya na gefe umarnin fitowa. Huda irin wannan ƙofa ko canza yadda aka rufe ta yana iya taɓa aikin na'urar. Wayoyin wannan tsari galibi rawaya ne, kada a yanke su, kada a jona komai a kansu, a kuma cire kan batir kafin a fara aiki. Garin neman gira kada a rasa ido.

Na uku shi ne kunne. Mutumin da kalangu ya ɓace masa yakan yi ta ƙara murya yana nemansa, abin da yake ƙaruwa kuwa siririn amo ne mai huda kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Direban tasi ko na bas da yake wuni a hanyar Gwagwalada ko Keffi shi ya fi kowa shiga wannan haɗari, ga kuma rashin jin jiniya ko odar mai babur da ke gefensa. Ban da haka, tun 2009 akwai ƙa'idojin hana yawan ƙara da hukumar kula da muhalli ta NESREA take da alhakin zartarwa. Motar da aka gyara ƙofarta daidai ba ta bukatar ihu, ana jin nauyin kiɗa ko da murya tana ƙasa, ana kuma jin maganar abokin tafiya.

Shawara ga mai mota ita ce ya tafi wurin mai gyara da sanin abin da yake so a duba, bi da bi: waƙa, saiti, waya, ƙofa, wuta, sa'an nan lasifika. Ya tsaya a kan aikin, ya ga an mayar da leda, ya karɓi tsohuwar lasifikarsa ya ajiye, ya kuma yi gwajin BAL kafin ya biya. A Apo da Gudu akwai gwanaye da suka san duk wannan, kuma mai gyara na kirki ba ya jin haushin tambaya. Su ma masu gyaran, musamman iyayen gida da ke koyar da yara, ya kamata su sani cewa rabin awa da aka ƙara wajen toshe kafa da duba waya ita ce take dawo da mai mota gobe, har ya kawo ɗan'uwansa.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai rai, wannan fili zai duba dalilin da ya sa batirin mota yake mutuwa cikin dare bayan an sa sabon rediyo. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya.